Ragowar Allura Ɗaya a Gindin Kwalba

Akwai wata nas da ke aiki a ɗakin rigakafi na wani asibiti, wadda har abokan aikinta sun kusa manta sunanta na gaskiya. Sanyin-hannu kowa ke ce mata. Dalili kuwa, in ta yi wa jariri allura, ta zare ta danna auduga kafin ya tuna ya kamata ya yi kuka. Iyaye mata har wayon canja layi suke yi don dai su faɗo a kanta.

Shekararta shida da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba.

Jama'a, ku auna wannan da kanku. Mace ta wuni tana karɓar 'ya'yan mutane, ta ɗora a sikeli, ta shinshina ƙeyarsu a ɓoye, ta miƙa wa uwarsu tana murmushi, yamma ta yi ta rataya jakarta ta tafi gida. Ba ta taɓa yi wa kowa baƙin ciki ba, amma abin yana cinta ƙwarai.

Mijinta mai gyaran agogo ne. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, don haka duk agogon bangon da ya gyara sai ya kwana uku a falonsu yana gwaji kafin a mayar wa mai shi. Ba a taɓa samun biyu sun yi daidai ba. In biyar ta yi, wannan ya buga, wancan ya amsa, na bayan ƙofa ya biyo su da shaƙaƙƙiyar muryarsa, sai a kwashe minti uku gidan yana ta faɗin ƙarfe biyar. Takan tsokane shi cewa shi kaɗai ne mai gyaran agogon da matarsa ke duba lokaci a waya.

Cikin wannan ƙarar take ɗan kishingiɗa in ta dawo aiki da la'asar. Kuma a nan ne, tsakanin barci da ido biyu, yarinyar take zuwar mata.

'Yar kamar shekara biyu ce, da riga ruwan ɗorawa, takalmi ƙafa ɗaya. Kullum ta juya baya, tana tafiya dagwai-dagwai a barandar asibiti, sai dai barandar ta mafarki ta fi ta gaske tsawo, hasken rana ya cika ta, agoguna jere a bango. Sanyin-hannu sai ta ce, “Ke 'yar nan.” Yarinyar ta tsaya cak, ta karkata kai, ta fara juyowa. Daidai nan agogunan falo za su fara bugawa ta farka. Shekara uku tana wannan mafarki, ba ta taɓa ganin fuskarta ba.

To, a wannan watan ne rai ya fara sa wa. Likitan mata ya yi mata ɗan ƙaramin aiki, ya buɗe wata hanya da ta toshe. Ya ba ta ƙwayoyi guda biyar, ya ce ta fara sha ran da al'adarta ta kwana uku. Ta naɗe su a hankici ta sa a aljihun cikin jaka. Ranar Talata za ta fara.

Sai ga takarda daga ofis ranar Juma'a. An ɗebi jinin ma'aikata kwanakin baya, an gano mutum goma ba su da kariya daga rubela, kuma sunanta ne na ƙarshe. Rubela 'yar'uwar ƙyanda ce, mai sauƙin kai a ido: ɗan zazzaɓi, 'yan ƙuraje, kwana uku ta wuce. Amma in ta kama mace da ƙaramin ciki, ɗan cikin take taɓawa, ta ido ko ta zuciya, galibi kuma ta kunne. Takardar ta ce duk su goman su karɓi allura ranar Litinin.

Allurar kuwa tana da sharaɗi, kuma Sanyin-hannu ta fi kowa saninsa, don ita ke faɗa wa mata kullum. Wadda aka yi wa sai ta bari wata guda ya wuce kafin ta nemi ciki.

Wata guda. A bakin mai 'ya'ya ba komai ba ne. Ita kuwa wata saba'in da huɗu ta ƙirga da hannunta a kalandar bayan ƙofar ɗaki, kuma wannan ne na farko da likita ya dube ta ya ce akwai hanya. Zuciyarta ta ce mata, in fa wannan ne watan 'yar mai takalmi ɗaya? In ta zo ta tarar an rufe ƙofa ta koma fa?

Kamar hakan bai isa ba, ranar Lahadi Inna, uwar mijinta, ta kira ta. Inna ba ta da matsala, shekara shida ko habaici ba ta taɓa yi mata ba. Cikin lallashi ta ce ta ji wani saƙon murya a waya, wani mutum yana rantsuwa cewa alluran nan suna busar da mahaifa, ita dai ba ta san komai ba, amma don Allah 'yarta ta yi hankali. Sanyin-hannu ta yi dariya ta ce wa Inna ƙarya ce zalla. Gaskiya ta faɗa, kuma ta san gaskiya ce. Amma bayan ta ajiye wayar, maganar ta zauna mata a ƙirji ta ƙi sauka.

Litinin ƙarfe tara ta ɗauko kwalbar daga firij. Ƙaramar kwalba ce, ta mutum goma daidai. Ta haɗa garin da ruwansa, ta rubuta lokaci a jikin takardar kwalbar, don in an haɗa, awa shida kawai take yi, ƙarfe uku sai a zubar.

Mutum tara suka zo ɗaya bayan ɗaya. Direban motar asibiti, ƙato guda, ya rufe ido yana salati, da ta ce an gama ya ce ƙarya ne. Kafin sha ɗaya ɗakin ya watse, saura ita da rajista.

Ta naɗe hannun rigarta. Ta dubi kwalbar, ta dubi jakarta da ke rataye. Sai ta yago filasta ta manna a damtsenta inda babu ko ƙwarzane, ta ɗauki biro ta yi alama a gaban sunanta. Wa zai tuhumi nas ɗin rigakafi cewa ba ta yi rigakafi ba? Kowa zai ɗauka wata ce ta yi mata.

Da mai wayon ƙarya ce, da ta zuƙe ragowar ta tsiyaye a wurin wanke hannu, shi ke nan. Amma shekara tara hannun nan yana aiki, bai taɓa zubar da ɗigon magani mai kyau ba. Tana can tana tunanin gobe, hannun ya ɗauki kwalbar ya mayar da ita ramin ƙanƙara yadda ya saba. Ita ba ta ma san ta yi ba.

Shugabar ɗakin wata dattijuwar sista ce da ta kusa ritaya. Uwar-firij ake ce mata a bayan idonta, saboda ko shugaban asibiti ya bar ƙofar firij ɗinta a buɗe sai ya sha faɗa. Ƙarfe biyu da kwata ta zo duba sanyi kamar kullum. Ta ɗaga kwalbar saitin taga, ta girgiza ta a hankali. Ta jawo rajista ta bi sunaye da yatsa. Sannan ta je ta tura ƙofa ta rufe.

Ta ce, “'Yata, suna goma na gani da alama, ga kuma allurar mutum ɗaya a gindin kwalba. Ko kwalbar ce ta haihu?”

Sanyin-hannu ta buɗe baki za ta yi magana. Dattijuwar ta sa babban yatsa ta danna filastar nan da ƙarfi, ta zuba mata ido. Ko motsi damtsen bai yi ba, alhali sabon wurin allura ba ya son taɓi.

Kunya ta rufe ta, sai hawaye. Ta faɗi komai: aikin da aka yi mata, ƙwayoyin cikin hankici, kalandar bayan ƙofa, kiran Inna, har da yarinyar mafarki da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko mijinta.

Uwar-firij, wadda ake tsoron bakinta, ba ta yi faɗa ba. Ta kama hannunta ta kai ta bakin taga. A ƙasa, gindin bishiyar da ke bakin ƙofar asibiti, wani mutum ne zaune a kan babur yana jira. Sanyin-hannu ta san shi. Ɗan dattijuwar ne, kafinta, shi ke zuwa ɗaukarta kullum. Kurma ne, kowa ya sani. Abin da ba wanda ya sani shi ne dalili.

Nan ta ba ta labari, muryarta ƙasa-ƙasa. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ita ma sai da ta shekara huɗu tana nema kafin ta samu. Cikin yana wata biyu tana aiki a ɗakin yara, ta yi ɗan zazzaɓi da ƙuraje na kwana uku, ko fashin aiki ba ta yi ba. A lokacin babu wannan allura a inda take, babu wanda ya ɗebi jininta, babu takarda daga ofis. Ta haifi ɗanta kyakkyawa, ta ɗauka an gama.

Ta ce, “Kada ki ji tausayinsa, ya fi ni wayo, ya fi ni jama'a, ban taɓa cewa da ma wani aka ba ni ba. Amma wata bakwai na yi ina rera masa waƙa kafin in gane ni kaɗai nake ji. Da a ce wata guda aka ce in jira, 'yata, da rarrafe zan je in karɓa.”

Ta goge ido da bayan hannu, ta koma Uwar-firij ɗinta. Ta ce jikin Sanyin-hannu nata ne, ba za ta tsira mata allura dole ba, ba kuma za ta kai ƙararta ba. Amma alamar nan za ta goge ta, don rajistarta ba ta taɓa yin ƙarya ba. Ƙarfe uku za ta dawo ta zubar da kwalba. Ta fita ta jawo ƙofa.

Ɗakin ya yi tsit, sai gurnanin firij. Sanyin-hannu ta kifa kai a tebur. Kuka ya gajiyar da ita, fanka na kaɗawa a hankali, ba ta san lokacin da barandar nan mai tsawo ta buɗe a gabanta ba.

Ga yarinyar can, riga ruwan ɗorawa, takalmi ƙafa ɗaya. Ta ce, “Ke 'yar nan.” Yarinyar ta ci gaba da tafiya. Ta sake kira da ƙarfi. Ta tafa hannu. Agogunan bango suka buga gaba ɗaya har baranda ta ɗauka. Yarinyar ko gezau, tana ta tafiyarta cikin haske, tana wasa da bakin rigarta, ba ta san ana kiranta ba.

Ta farka a firgice, zufa ta jiƙa mata wuya. Uku saura minti ashirin da biyar.

Likitanta ta fara kira, abin da ya kamata ta yi tun ranar Juma'a. Ya tambaye ta kwanan al'adarta, ya tabbatar ba ta da ciki. Ya ce hanyar da ya buɗe ba za ta rufe a wata ɗaya ba, ta adana ƙwayoyinta. Ya ƙara da cewa da ya san ba ta da kariyar nan, da shi da kansa zai aika ta kafin ya ba ta ko ƙwaya ɗaya.

Sai ta kira mijinta. Ta ji ƙarar agoguna a bayansa. Ya saurare ta har ta gama.

Ya ce, “Likita,” don haka yake kiranta in yana so ta yi dariya, “wata saba'in da huɗu na jira tare da ke ban mutu ba. Ki ƙara ɗaya, ni zan ƙirga miki shi. Inna kuma ki bar min ita.”

Uku saura minti bakwai Uwar-firij ta shigo. Ta tarar da ita zaune, ta ɓare filastar, ta naɗe hannun riga, sirinji na kan tire. Dattijuwar ta ɗauki sirinjin ta tsira mata. Hannun dattijuwar kuwa, Allah ya ba ta lafiya, nauyi gare shi kamar na mai sassaƙa. Sanyin-hannu ta yi ƙara, ta ce ashe abin da jarirai ke sha ke nan in ba ta nan. Dattijuwar ta ce ta yi mata shiru, rigakafi aka ce, ba shafa mai ba.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya zama daɗi. Watan jiran ya yi mata tsawo. Ta sha ƙwayoyin a wata na gaba, shiru. Na bayansa ma shiru. Wani ɗaci ya taso mata, ta riƙa cewa a ranta wancan watan ne nata, an sa ta ta bar shi ya wuce. Sati guda cur tana gaishe da Uwar-firij a daƙile. Dattijuwar ta gane, kullum dai sai ta ajiye mata shayi a tebur ta wuce. Mafarkin ma ya daina zuwa, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo.

A wata na huɗu, al'ada ba ta zo ba. Ta yi gwaji sau uku a rana ɗaya, ita da ke yi wa mata dariya in sun maimaita. Mijinta ya zauna a ƙasan falo, sai ya tashi ya bi agogunan nan ɗaya bayan ɗaya yana wana su, har waɗanda ya riga ya wana da safe.

Cikin yana sati tara, wata safiya aka kawo jariri rigakafi, yayarsa 'yar shekara huɗu tana maƙale da zanen uwar, tana ta ƙananan koke-koke. Sanyin-hannu ta durƙusa ta ɗauke ta don uwar ta samu hannu. Jikin yarinyar da ɗumi. Ta yi mata atishawa a fuska, sau biyu. Da ta juya ta, sai ta ga 'yan ƙuraje a wuya, da kumburi a bayan kunne.

Bayan kwana huɗu sakamakon gwajin yarinyar ya fito. Rubela ce, kuma ba ita kaɗai ba, ta shiga unguwar. Aka shiga neman masu ƙaramin ciki ana tura su gwaji, asibiti ya rikice.

Sanyin-hannu ta sani an yi mata allura, amma uwa ba ta jin sani. Ta je aka ɗebi jininta. Ran da mai gwajin ya miƙo mata takarda ya ce kariyarta ta kama tsaf, a nan baranda ta sulale ta zauna a ƙasa da farin kayanta. Ta ƙirga da yatsu. Ko a wane wata cikin ya zo, wancan ko wannan, da ba ta karɓi allurar nan ba, da filastar ƙarya ce kaɗai a damtsenta ran da yarinyar ta yi atishawa.

Ta tashi ta nufi ɗakin rigakafi, ta rungume Uwar-firij ta baya tana kuka. Dattijuwar ta ce, “Sake ni in rufe firij, sannan ki yi kukanki.”

Mace ta haifa. Ranar da suka dawo gida, biyar na yi agogunan falo suka fara, jaririyar ta zabura ta watsa hannuwa ta callara kuka. Uban ya tsaya yana dariya hawaye na zuba, yana cewa a bar su su buga, a bar su. Sai da Inna ta kore shi ya je ya tsayar da su.

Tana wata biyar, Uwar-firij, wadda ta riga ta yi ritaya, ta zo ganinta wata la'asar. Ɗanta kafinta ne ya kawo ta, da ɗan gadon katako da ya ƙera da hannunsa. Aka kwantar da yarinyar a ciki, tana fuskantar taga, hasken rana a kan rigarta. Safa ɗaya ta riga ta fice daga ƙafarta.

Dattijuwar ta zauna daga baya inda yarinyar ba ta ganinta. Ta yi gyaran murya, ta fara wata 'yar waƙar lallashi a hankali, muryar na rawa kamar ta daɗe a ajiye.

Yarinyar ta daina wutsil-wutsil. Ta karkata kai. Sannan ta juyo gaba ɗaya, tana neman inda muryar take.

Sanyin-hannu na tsaye bakin ƙofa da tire a hannu. Wannan karkata kan ta san shi, shekara uku tana ganinsa. Yau babu agogon da ya buga, ta ga fuskar.

Kafintan ya dubi bakin uwarsa yana motsi, ya dubi jaririyar, ya taɓa kafaɗar uwar ya tambaye ta da hannu me take ce mata.

Ta amsa masa da hannu, hawaye na bin fuskarta: “Waƙarka ce.”

Ya yi murmushi, ya ɗora tafinsa a maƙogwaronta, ya yi mata alama ta sake daga farko.

Darasi: Haƙurin wata guda ya fi nadamar shekara talatin. 'Yar'uwa mai neman haihuwa, musamman ke da ke aiki cikin marasa lafiya, kada tsoro ko saƙon waya ya yanke miki hukunci, kada kuma ki ɓoye damuwarki a ƙarƙashin filasta. Je ki tambayi likitanki wace allura ce ta dace da ke, yaushe, kuma ko tana buƙatar jira. In kun san wata da ke ƙirga watanni a bayan ƙofa, ku tura mata wannan labari yau, wataƙila kwalbarta ba ta kai ƙarfe uku ba tukuna.